ALKAWARI KAYA NE: TARIHIN KWAƊON MASOYA A KAN GADA

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauki alkawari ya ɗauki nauyi ke nan, ba shi da hutawa sai ya kai shi inda ya ce zai kai. A birnin Faris na ƙasar Faransa an taɓa sanin nauyin irin wannan kaya a ma'auni. Ran 1 ga watan Yuni na shekara ta 2015 ma'aikatan birnin suka zo da motar ɗaga kaya, suka fara ciccire shingen waya na wata gadar ƙafa da ke bisa kogin Seine, gama kwaɗunan da masoya suka kukkulle a jikin shingen sun fi ƙarfinsa. Nauyin abin da aka kwashe ya kai wajen tan 45, watau daidai da buhun siminti 900.

Ga yadda al'adar take. Saurayi da budurwa, ko miji da mata, sukan sayi kwaɗo, su rubuta sunayensu a jikinsa, su kulle shi a shingen gada, sa'an nan su jefa mabuɗin cikin ruwa. Nufinsu shi ne, kamar yadda ba mai iya buɗe kwaɗon nan kuma, haka nan ba mai iya raba su.

Mai karatu da ke zaune a Nima ko Maamobi, ko wani zango na birnin Akra a ƙasar Gana, yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Da ruwansa kuwa. 'Ya'yan zango da yawa suna zaman neman abinci a Italiya da Jamus da Faransa, suna bi ta kan irin waɗannan gadoji, hotunan abin da suka gani kuma suna isowa gida ta wayar hannu. Ban da haka, tambayar da ta haifi wannan al'ada tsohuwa ce a zango: mutum biyu da ke nesa da danginsu, da me za su ɗaure alkawarinsu har ya riƙe? Tarihi ya nuna amsar da aka bayar a kan gadojin Turai, ya kuma nuna wadda kakannin zango suka bayar. Ya kamata a duba su duka biyu.

Labarin Nada da Relja

A tsakiyar ƙasar Sabiya, a kudu maso gabashin Turai, akwai wani ƙaramin gari mai suna Vrnjačka Banja, inda mutane ke zuwa domin ruwan maɓuɓɓugansa na magani. Wani rafi ya ratsa garin, da ƙananan gadojin ƙafa a kansa. Ɗaya daga cikinsu ana ce da ita Gadar Ƙauna. Mutanen garin suna ba da labari cewa, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya wanda ya ɓarke a shekara ta 1914, akwai wata malamar makaranta mai suna Nada, da wani hafsan soja mai suna Relja. Sun yi alkawarin aure, a kan gadar nan kuma suke saduwa. Sai yaƙi ya zo, Relja ya tafi.

Abin da ya sami sojojin Sabiya a yaƙin nan rubutaccen tarihi ne. A ƙarshen shekara ta 1915 rundunonin Jamus da Ostiriya da Bulgeriya suka mamaye ƙasar. Sojojin Sabiya suka ja da baya ta cikin duwatsun Albaniya a tsakiyar hunturu, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa, waɗanda suka ragu aka kwashe su a jiragen ruwa zuwa tsibirin Korfu na ƙasar Girka a farkon 1916. A can ne, in ji masu ba da labarin, Relja ya ga wata 'yar tsibirin, ya mance da Nada. Baƙin ciki ya kwantar da ita har ta mutu. 'Yan matan garin, don gudun kada abin da ya sami Nada ya same su, suka fara rubuta sunayensu da na samarinsu a jikin kwaɗo, suna kullewa a gadar.

Labari ne na baka, irin wanda kowane gari yake riƙe da nasa. Amma akwai abin lura a cikinsa: bisa ga faɗin masu al'adar da kansu, tsoro ne ya kulle kwaɗo na fari. Budurwa ta ga an ci amanar 'yar'uwarta, ba ta da inda za ta kai ƙara, sai ta nemi taimakon ƙarfe.

An kuma ga irin wannan abu a garin Pécs na ƙasar Hangari tun cikin shekarun 1980, inda aka riƙa kulle kwaɗuna a jikin wani shingen ƙarfe a tsakiyar gari. Amma har zuwa lokacin nan abin na 'yan gari ne, duniya ba ta san da shi ba.

Gadar Milvio a Birnin Roma

Littafi ne ya baza al'adar cikin duniya. A shekara ta 2006 wani marubuci ɗan Italiya, Federico Moccia, ya fitar da wani littafin soyayya mai suna Ho voglia di te, aka kuma mai da shi fim a 2007. A cikin labarin, saurayi da budurwa suka je gadar Milvio a arewacin birnin Roma, suka kulle kwaɗo a jikin turken fitila, suka jefa mabuɗin cikin kogin Tiber. Samari da 'yan matan Roma suka karanta, suka tashi suka aikata abin da suka karanta. Ba a daɗe ba turken fitilar ya lulluɓe da ƙarfe, a watan Afrilu na 2007 kuma nauyi ya karya shi. Hukumar birni ta kafa waɗansu turaku da sarƙoƙi domin a riƙa kulle kwaɗunan a can, su ma suka cika. A watan Satumba na 2012 aka zo da almakashin ƙarfe aka kwashe su duka.

Wannan gada ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta tarihin Ikilisiya. An gina ta da dutse fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. A bakinta ne, ran 28 ga watan Oktoba na shekara ta 312, Kustantin ya ci abokin gābarsa Maksentiyus da yaƙi a kan sarautar Rum, Maksentiyus ya nutse a kogin. Marubutan Kirista na zamanin sun ba da labari cewa kafin yaƙin Kustantin ya ga alamar Almasihu, ya sa aka zana ta a garkuwoyin sojojinsa. A shekara ta 313 aka yi yarjejeniyar Milan, wadda ta ba masu bi izinin yin sujada a fili bayan tsanani mai yawa. Gadar ta yi shekara 2,000 da 'yan kai ana gyara ta ana binta. Tulin kwaɗunan da aka kulle a kanta da sunan har abada, shekara shida ya yi.

Faris da Sauran Birane

Daga Roma abin ya ƙetara zuwa Faris. Gadar da ake kira Pont des Arts an gina ta tsakanin 1801 da 1804, a zamanin Napoleon, ita ce kuwa gadar ƙarfe ta fari a birnin. Jiragen ruwa sun sha bugunta har wani sashenta ya rushe a 1979, aka sāke gina ta, aka buɗe a 1984. Masu tafiya a ƙasa kaɗai ke binta. Daɓenta na katako ne, tsawonta mita 155, a bakinta kuma ga babban gidan ajiye kayan tarihi na Louvre. Wuri ne mai kyaun gani, baƙi daga ko'ina cikin duniya suna tsayawa a kai su kalli kogi.

Kwaɗuna suka fara bayyana a nan a shekara ta 2008. Masu talla suka sami kasuwa, suna sayar da kwaɗo da alƙalamin rubuta suna a bakin gadar. Da shingen ya cika, sai aka shiga kulle kwaɗo a jikin kwaɗo. Ko wanne shi kaɗai ba shi da nauyin da zai dami kowa, kowane mai kullewa kuma yana ganin nasa ɗaya ne tak. Ran 8 ga Yuni na 2014 wani sashe na shingen, tsawon mita biyu da ɗan abu, ya faɗi. Ba wanda ya ji rauni, amma sai da 'yan sanda suka fitar da mutane daga kan gadar. Hukuma ta yi ta roƙon baƙi su ɗauki hoto kawai su bar kwaɗo, ba su ji ba. Shi ya sa bayan shekara guda aka cire shingen duka, daga baya aka sa gilashi mai kauri wanda ba shi da inda za a maƙala kome. Mabuɗan kuwa suna can ƙarƙashin kogi suna tsatsa.

A watan Mayu na 2017 aka yi gwanjon waɗansu daga cikin kwaɗunan, aka sami wajen Yuro 250,000, aka ba ƙungiyoyi uku masu taimakon 'yan gudun hijira. A ƙarshe dai baƙi marasa masauki ne suka ci amfanin ƙarfen.

Ba kowane birni ya bi hanyar Faris ba. A Kolon ta ƙasar Jamus, inda aka fara kulle kwaɗuna a gadar Hohenzollern bisa kogin Rhine a 2008, an bar su, domin gada ce ta jirgin ƙasa wadda aka gina don ɗaukar kaya masu nauyi. A nahiyar Afirka kuwa, a watan Satumba na 2013, waɗansu matasa a birnin Aljiyas na ƙasar Aljeriya suka kulle kwaɗuna a gadar Telemly, wadda ta yi mummunan suna saboda masu faɗowa daga kanta su kashe kansu. Nufinsu su sāke wa gadar suna. Ba a yi kwanaki ba waɗansu suka zo suka ɓaɓɓalle kwaɗunan, suna cewa baƙuwar al'ada ce wadda ba ta dace da addini ba.

Kwaɗo a Idon Ɗan Zango

Mutanen Nima da Maamobi sun san kwaɗo sarai. A gidan haya inda iyali goma ko fiye suke tarayya a tsakar gida ɗaya, kwaɗo yana ƙofar kowane ɗaki, yana jikin akwatin ƙarfe, yana ƙofar shago, wani lokaci har a kan famfo da ƙofar bayan gida. Amma kowane kwaɗo yana da mabuɗi, mabuɗin kuma yana hannun wani. Matar da za ta kasuwar Nima ran Laraba takan bar wa maƙwabciyarta mabuɗi saboda yara in sun taso daga makaranta. Mai tafiya gida arewa yakan bar wa maigida nasa. A zango, miƙa mabuɗi shi ne miƙa amana.

Wuri ɗaya ne kaɗai aka san ana kulle kwaɗo da sunan mutum a jefar da shi ko mabuɗinsa cikin ruwa, watau wurin boka. Daga ƙasar Hausa har bakin teku an san labarin asirin da ake yi da kwaɗo: a kira sunan mutum a kulle, a jefa a rijiya ko a kogi, don a rufe masa baki, ko a tsare masa arziki, ko a mallake shi ya zama ba ya ganin kowa sai mai asirin. Da za a kai wata tsohuwa daga Maamobi ta ga gadar Faris kafin a cire shingenta, da salati za ta yi, gama a ganinta duk mutanen nan an yi musu mallaka.

Masoyan Turai ba da nufin asiri suke yi ba, yawancinsu wasa ne da neman abin tunawa. Duk da haka tsohuwar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mai zuwa wurin boka da budurwar garin Nada abu ɗaya ya tashe su, tsoron kada wanda suke ƙauna ya juya musu baya. Dukansu biyu suna neman abin da zai riƙe zuciyar wani ko da ita zuciyar ta ƙi. Malaman Musulunci da shugabannin Ikilisiya bakinsu ɗaya a kan hana mallaka, domin ƙaunar da aka kulle ta daina zama kyauta.

Yadda Baƙi Suka Ɗaure Alkawari a Zango

Kalmar zango ma'anarta wurin da ayari yake sauka ya huta. Tun ƙarnuka da suka wuce fatake daga Kano da Katsina suna bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, suna komowa da goro, tafiyar watanni. Babbar kasuwarsu Salaga ce. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a shekara ta 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da waɗansu garuruwa, har zuwa bakin teku. A Akra, wadda ta zama hedkwatar mulkin Ingilishi a 1877, Malam Bako, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, ya kafa Sabon Zongo wajen shekara ta 1912. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai cinikin shanu, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu, wurin da ya zama Nima. Unguwar ta cika a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, sa'ad da masu neman aiki suka kwararo daga arewa da ƙasashen maƙwabta. Maamobi ta tashi a gefenta.

Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Wangarawa da Dagomba da Yarbawa suka zauna ƙofa da ƙofa, harshen Hausa ya zama na kowa. A cikinsu akwai Kirista daga arewacin Gana, kamar Frafra da Dagaba, majami'ar Katolika ta Kizito Mai Tsarki kuma tana nan cikin Nima. Yawancin waɗanda suka fara zuwa samari ne da suka baro iyayensu a nesa. An ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. To, wa zai ba raɓa 'yarsa?

Zango ya warware wannan ta wurin yi wa baƙo dangi. Maigidan da ya sauke shi ya zama ubansa. Sarkin ƙabilarsu a unguwa ya zama mai tsaya masa. In ya ga yarinya yana so, su ne za su kai gaisuwa da goro, su ne za a tambaya halinsa, su ne kuma za a nema in ya gudu. Daga nan sai sa rana, da lefe, da lalle. Ran ɗaurin aure wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki da ƙarfi kowa ya ji, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar. Sa'an nan a raba goro, wanda ake ƙirgawa da ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro 100. Mutanen kudu, Ga da Akan, su ma suna da tasu hanya: dangin saurayi su je su ƙwanƙwasa ƙofar gidan budurwa, su faɗi abin da ya kawo su a gaban manya.

Hausa ma da kalmar ɗauri take kiran wannan abu, ɗaurin aure. Bambancin shi ne, a hannun mutane aka bar bakin igiyar. Duk wanda ya ci goron ɗaurin aure ya zama mashaidi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Ranar da amarya ta yi yaji, waɗanda suka ci goron nan su ne za su tashi su yi biko.

Abin da Ikilisiya Ta Koya

Ikilisiya ta daɗe tana koyar da cewa yardar mutum biyun ita ce ke yin aure. Amma a Turai ta zamanin dā wannan ya jawo wata wahala. Saurayi da budurwa sukan yi alkawari su kaɗai a ɓoye, bayan ciki ya fito saurayin ya yi musu, ba kuwa mai shaida. Saboda haka babban taron Lateran na huɗu a shekara ta 1215 ya umarta a riƙa sanar da aure a majami'a kafin a ɗaura. Taron Trent a 1563 ya ƙara da cewa, sai a gaban limamin Ikilisiya da shaidu biyu ko uku aure zai tabbata, a yi sanarwa sau uku, a kuma rubuta sunayen a littafi. Daga irin wannan tsari ne aka gaji sanarwar aure ta Lahadi uku da ake ji a majami'u.

Tushen abin ya girmi tarukan nan. Littafin Rut ya ba da labarin wata baƙuwa, gwauruwa daga ƙasar Mowab, wadda ta zo Baitalami ba ta da kowa sai surukarta. Sa'ad da Bo'aza ya yi niyyar aurenta, ya tafi ƙofar gari, ya zaunar da dattawa goma, ya gama maganar a gabansu da gaban jama'a. Baƙuwar nan ita ce ta zama uwar Obida, kakan sarki Dawuda.

Musulunci ya bar ƙofar saki, Ikilisiya kuwa tana koyar da cewa aure na har mutuwa ne. Amma a kan wannan magana ɗaya sun haɗu: aure ba ya ɗauruwa a ɓoye. Dokar ƙasa ma ta bi sawu. A zamanin Ingilishi an kafa dokar aure ta 1884, wadda ta bukaci sanarwa da shaidu da takarda, aka kuma kafa ta auren Musulmi a 1907, wadda ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda.

Ranar Gwaji

Amfanin shaidu ba ya bayyana ran biki, sai ran wahala. Ran 18 ga Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Fiye da mutum 100,000 suka tashi, zangogi suka fi kowa jin abin a jika. Waɗansu an haife su a Gana, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne. Miji ɗan Nijeriya ko Nijar ya hau mota, matarsa 'yar ƙasa ta rasa ko ta bi shi ko ta zauna. Waɗansu suka sayar da kayansu da araha, waɗansu suka bar mabuɗi a hannun maƙwabta. A watan Janairu na 1983 abin ya juyo, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka komo gida. A irin waɗannan ranaku, matar da aka ɗaura aurenta a gaban jama'a tana da waliyyi, tana da liman ko fasto, tana da maigidan mijinta da za ta riƙe. Wadda alkawarinta na ɓoye ne, ita da Nada ɗaya suke.

Haka yake ran rabon gado. A shekara ta 1985 gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, domin dangin miji sun sha korar gwauruwa da 'ya'yanta daga gida. Dokar ta ba matar aure da 'ya'ya rabonsu. Amma kafin mace ta ci wannan rabo, sai ta nuna cewa ita matar aure ce, ko da takarda ko da shaidu.

Sai dai dattawan zango ma suna da nasu abin dubawa. Lefe ya yi nauyi, da akwatuna da atamfofi da kuɗin biki, har saurayi yakan shekara da shekaru yana tarawa bai kai ba. An kuma sha ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, shaidu suna zaune suna cin goro. Abin da ya sa kwaɗo ya shiga ran matasan duniya shi ne, yana da araha, mutum biyun kuma su suka zaɓa da kansu. In aka mai da hanyar shaidu ta gagari talaka, ko aka cire yardar yarinya daga cikinta, matasa za su nemi tasu hanya a ɓoye, laifin kuwa ba nasu kaɗai ba ne.

Kammalawa

Kwana biyu bayan an fara cire shingen gadar Faris, watau ran 3 ga Yuni na 2015, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya cika magudanan Akra, wuta kuma ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah inda mutane suka fake, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Mazaunan bakin babban kwalbatin da ya ratsa Nima da Maamobi sun san darajar 'yar ƙaramar gada a ranar ruwa. Mutanen Madina da Adenta su ma sun sani: ran 8 ga Nuwamba na 2018, bayan mota ta kashe wata 'yar makaranta a babban titin da aka bar gadojinsa na ƙafa ba a gama ba, suka tare hanya, sai a 2019 aka gama gadojin nan shida. A Akra gadar ƙafa abin ceton rai ce, ta kowa da kowa ce, ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar alkawarin mutum biyu.

Alkawari kaya ne, mutane ne kuma aka yi domin ɗaukarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurayi da budurwa da suka yarda da juna, su nemi waɗanda za su kama musu, su faɗi maganarsu inda za a ji, a rubuta ta inda za a samu. Iyaye da dattawa kuma su sauƙaƙa kayan, don 'ya'yansu su iya shigowa ta ƙofa. Allah ya ba masu alkawari ikon cikawa, ya ba shaidu ikon riƙe amana. Amin.